Kayan Aikin Gano Zazzaɓin Aladu da Yadda Za A Faɗe Su da Hausa: Misali daga Abijan

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2024 na yi 'yan makonni a Abijan, cibiyar kasuwancin ƙasar Kwaddibuwa. Masaukina yana Ajame (Adjamé a rubutun Faransanci), a ɓangaren da ake kira Saint-Michel saboda cocin Katolika da ke wurin. Duk wanda ya san Ajame da Tireshbil ya san Hausa ba baƙuwa ba ce a can. Mutanen Nijar da na Nijeriya sun daɗe suna sana'a a waɗannan unguwanni, tun daga masu gashin nama, wanda 'yan gari ke kira choukouya, har zuwa masu sayar da garba, wato acheke da soyayyen kifi, abincin da sunansa ma na Bahaushe ne.

A wannan shekarar ce hukumomin ƙasar suka ba da sanarwar ɓullar cutar da Faransanci ke kira peste porcine africaine a Bouaflé da kuma Songon, wadda ke yamma da Abijan. Wata rana da yamma wani dattijo mai gashin nama, mutumin wajen Tawa, ya ce da ni: "Malam, wai murar aladun nan ce ta dawo? An ce likitoci sun ga ƙwayar a madubi." Damuwarsa a fili take: idan mutane suka tsorata da nama, ba sa tsayawa tambayar na wace dabba ne. A tambayar tasa akwai kuskure biyu. Na farko na iya gyara masa nan take, na ce: "Baba, ba mura ba ce, kuma ba ta kama mutum." Murar aladu ta 2009 wata cuta ce dabam, ita kam tana kama mutane. Kuskure na biyu, wato batun madubi, ban iya ce masa komai a kai ba, domin ni kaina ban san da me ake ganin ƙwayar ba. Wannan takarda ta samo asali ne daga wannan gazawa. Manufarta ita ce bayyana kayan aikin da ake gano cutar da su, tare da duba yadda mai fassara zai kira su da Hausa ba tare da ya ɓata ma'ana ba.

Na san wani ɗalibi zai ce, me ya haɗa Hausa da alade? Gaskiya ne yawancin Hausawa Musulmi ne, ba sa kiwonsa, ba sa cinsa. Amma Hausa ta fi Hausawa yawa. A kudancin Kaduna, da Filato, da Zuru, da Numan, ana kiwon aladu, kuma da Hausa malamin dabbobi yake yi wa manomi bayani. Ɗaya daga cikin manyan kasuwannin aladu na Nijeriya tana wajen Kafanchan, Hausa kuwa tana cikin harsunan cinikinta. Bugu da ƙari, kayan aikin da za mu gani a nan su ne dai ake amfani da irinsu wajen murar tsuntsaye da cututtukan awaki da shanu, har da na mutane.

2.0 Cutar da Tarihinta a Taƙaice

Za mu kira ta zazzaɓin aladu na Afirka. Wani likitan dabbobi Baturen Ingila mai suna Montgomery ne ya fara bayyana ta a rubuce a 1921, daga Kenya. A gabashi da kudancin Afirka ƙwayar tana zaune a jikin gadu, wato mugun dawa, da kuma wata irin kaska mai laushin jiki, ba tare da ta cutar da gadun ba. Aladen gida ne ba ya jurewa. A yammacin Afirka kuwa ta fi yaɗuwa daga alade zuwa alade, da ta hanyar ragowar abinci mai ɗauke da naman da ya kamu, da takalma da motocin masu shiga gona. Zafin jikin dabbar yakan haura digiri 40, ta daina ci, kunnuwa da ciki su yi ja ko shuɗi-shuɗi, idan nau'in mai tsanani ne kusan duk garken ya ƙare cikin kwanaki. Babu maganin warkarwa.

An fara samun rahotonta a Kwaddibuwa ranar 16 ga Afrilu, 1996, a cikin Abijan. Kafin a shawo kanta a ƙarshen wannan shekarar, da taimakon hukumar FAO, ƙasar ta rasa aladu kusan 135,000, tsakanin waɗanda suka mutu da waɗanda aka hallaka don tare cutar, wato kashi 29 cikin ɗari na aladunta. A 1997 ta bayyana a Benin da Togo da Nijeriya, a 1999 ta shiga Gana. Ta sake ɓulla a Kwaddibuwa a San-Pédro a 2014, sannan a arewa wajen Ferkessédougou a 2017. A waje kuma, ta shiga Jojiya a 2007, ta isa Sin a 2018, inda ta yi ɓarna mai yawa.

Abin da ya sa ɗakin gwaji ya zama dole shi ne, ido ba ya raba ta da wasu cututtuka. Akwai wani zazzaɓin aladu da Faransanci ke kira peste porcine classique, alamunsu kusan ɗaya, amma ƙwayoyinsu ba su da dangantaka, kuma shi wancan yana da allurar rigakafi tun da daɗewa. Wasu cututtukan bakteriya ma, ko cin guba, sukan yi kama da ita. To, kafin hukuma ta ce a kashe garken mutum, a rufe kasuwa, dole a tabbatar. A Kwaddibuwa ana kai samfura ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na Bingerville, gabas da Abijan, wanda ke ƙarƙashin hukumar LANADA. A Nijeriya ana kai su Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos.

3.0 "Ƙwayar Cuta" da Matsalar Madubi

Kalmar "ƙwayar cuta" kalma ce mai kyau, sai dai ta yi faɗi. Da ita muke kiran abin da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, da bakteriyar tarin fuka, da bairas na ƙyanda. Na farko da na biyu ana ganinsu a madubin likita. Bairas ba ya ganuwa a cikinsa. Ƙwayar zazzaɓin aladu tana cikin manya a dangin bairas, amma duk da haka faɗinta kimanin nanomita 200 ne kawai. Idan aka jera 5,000 a layi, sannan za su cika milimita ɗaya. Sai da madubi mai aiki da ilaktoron ake ganin siffarta, shi kuwa na'ura ce mai tsada ƙwarai, ba da ita ake gwajin yau da kullum ba.

Tun asali ma da mataci aka gane akwai bairas, ba da madubi ba. A 1884 Chamberland, abokin aikin Pasteur a Faransa, ya ƙera matacin tangaran mai ƙananan ƙofofi da bakteriya ba ta iya wucewa. A 1898 Loeffler da Frosch a Jamus suka tace ruwan ƙurajen ciwon baki da kofato na shanu, suka tarar tataccen ruwan yana nan yana sa cuta. Ke nan akwai wani abu da ya fi bakteriya ƙanƙanta. Siffa ta biyu ta bairas, wadda ta fi muhimmanci ga abin da ke tafe, ita ce ba ya hayayyafa sai a cikin rayayyen tantanin halitta. Bakteriya za a zuba mata abinci a faranti ta tsiro. Bairas sai an ba shi gida mai rai.

Ku lura da jinsi a nan. "Bairas" baƙuwar kalma ce da ba ta ƙare da wasalin -a ba, don haka masu magana sukan ɗauke ta namiji: bairas ya shiga. Amma da zarar an ce "ƙwayar bairas", sai jimla ta bi ƙwaya: ta shiga. Duk biyun daidai ne, abin gudu shi ne a gauraya su a jimla ɗaya.

Tunda ba a ganin ta kai tsaye, ɗakin gwaji yana yin ɗaya daga cikin tambayoyi uku. Misalin gidan da aka shiga da dare zai taimaka. Ko dai a kama ɓarawon da ransa, ko a ga sawunsa, ko kuma a tarar masu gadi sun tashi da sanduna, a gane lallai wani ya shigo. Kowane irin gwaji amsar tambayarsa kawai yake bayarwa.

4.0 Samfuri

Aikin yana farawa ne tun daga gona. Daga dabba mai rai ana ɗibar jini da sirinji a kwalabe iri biyu. Mai murfi launin shunayya tana da sinadarin EDTA da ke hana jini daskarewa, ita ce ta neman ƙwayar. Mai jan murfi ba ta da komai, ana barin jinin ya daskare, ruwansa mai rawaya-rawaya ya taso sama, shi ne na neman martanin jiki. Daga mushe kuwa ana yankar saifa, da kaluluwa, da ƙoda, da huhu. Saifa ce kan gaba, domin a wannan cuta takan kumbura ta yi baƙi, kuma ƙwayar ta fi taruwa a cikinta. Idan mushen ya riga ya ruɓe, sai a fasa ƙashi a ɗebi ɓargo. Ana sa komai a akwatin sanyi mai ƙanƙara, kimanin digiri 4, a kai shi da wuri. Wanda za a ajiye na dogon lokaci yana shiga firiza mai sanyin digiri 70 ko 80 ƙasa da sifiri. A garin da wuta ke ɗaukewa, janareta ma yana cikin kayan gwaji, ko da littattafai ba sa lissafa shi.

5.0 Kama Ɓarawon: Rainon Ƙwayar

A nan ne fassara ta fi zamewa. Faransanci na cewa isolement du virus, Ingilishi ma kalmar da yake amfani da ita danginta ce, ƙamus kuma zai ba ɗalibi "keɓewa" ko "killacewa". Amma tun lokacin korona Bahaushe ya san killacewa a matsayin tsare mara lafiya a ɗaki don kada ya shafa wa wasu. Wanda ya ji "an killace ƙwayar cutar a Bingerville" zai ɗauka an tsare ta, hatsari ya wuce. Alhali abin da aka yi shi ne an fitar da ita daga naman dabba, an ciyar da ita, ta yi yawa. Ni a ganina "ware ƙwayar da rainonta" ya fi kusa da gaskiya, ko da ya fi tsawo.

Ga yadda ake yi. Ana aikin ne a cikin wani kabad mai gilashi a gaba, wanda ke zuƙar iska ya tace ta kafin ta fita. Na ji wasu na cewa "akwatin tsaro", ni na fi son "kabad mai tace iska", domin ya faɗi aikinsa. Ana sa ɗan yankin saifa a ƙaramin turmin tangaran, a zuba tsabtataccen yashi, a niƙa da 'yar taɓarya. Waɗannan kam ba sa buƙatar sabuwar kalma. Sai a dama niƙaƙƙen naman da ruwan gishiri na musamman, kashi ɗaya na nama cikin goma, a sa magungunan kashe bakteriya. Daga nan sai na'urar da ke wulwula kwalabe da gudu har dusa ta kwanta a ƙasa, ruwa ya tsaya a sama. Hausa tana da tsarin ƙirar sunan kayan aiki da ma- a farko da -i a ƙarshe, kamar mataci, ma'auni, madubi, maburgi. A bisa wannan za a iya cewa "mawulwuli". Ban taɓa jin wani ma'aikacin ɗakin gwaji ya faɗe ta ba, su "santirifuj" suke cewa, don haka a rubutu ina ba da shawarar "na'urar wulwulawa" a karon farko.

Gidan mai rai da za a ba ƙwayar shi ne fararen ƙwayoyin jini, ko tantanin ɓargo ko na huhu, da aka ɗebo daga lafiyayyen alade, domin irinsu take shiga a jikin dabba. Ana shimfiɗa su a kwalabe ko faranti mai ramuka, a ɗiga ruwan samfurin da bututun awo, a ƙara 'yan jajayen ƙwayoyin jinin alade, a sa a akwatin ɗumi mai digiri 37. Kullum sai a fito da su a duba a madubi. Idan ƙwayar tana nan, tantanin da ta shiga yakan fitar da wani furotin a bayansa mai kama jajayen ƙwayoyin jini, sai su manne masa, su kewaye shi kamar 'ya'yan inabi a reshe. Malmquist da Hay ne suka bayyana wannan gwaji a 1960. Wancan ɗaya zazzaɓin aladun ba ya sa wannan mannewa, shi ya sa gwajin yake raba su.

To ga inda maganar dattijon nan ta samo tushe. Lallai ana duba madubi, amma abin da ake gani aikin ƙwayar ne, ba ita kanta ba. Gwajin yana da nauyinsa: wani lokaci a ga sakamako cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci a jira mako guda ko fiye, kuma akwai 'yan nau'o'in ƙwayar da ba sa sa mannewar sam. Yana kuma buƙatar ɗaki mai tsananin tsaro, tunda ana ƙara yawan abin da ake gudu ne. Shi ya sa ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, akan tura samfuri manyan cibiyoyi irin su Pirbright a Ingila, ko Onderstepoort a Afirka ta Kudu, ko na Madrid a Sifen.

6.0 Bin Sawu

Tsohuwar hanya a nan ita ce a yanka daskararriyar saifa siriri kamar fatar albasa, a ɗora a gilashi, a zuba wani rini da aka ɗaura wa abin da ke kama furotin na ƙwayar kaɗai. A ƙarƙashin madubi mai fitila ta musamman, inda ƙwayar take sai ya yi ƙyalli kore shar. Yana da sauri, amma idan cutar ta daɗe a jiki yakan kuskure.

Wanda ya zama ruwan dare yanzu shi ne PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Kowace halitta tana da rubutun gadonta, wato DNA. Ana fara tsamo DNA daga jini ko saifa. Sai a zuba shi a 'yar kwalba tare da wasu gajerun zaruruwa biyu da aka ƙera su dace da wani yanki na rubutun wannan ƙwaya kaɗai, galibi yankin da ke samar da furotin p72 na ɓawonta, da kuma wani sinadari mai kwafar DNA, wanda asalinsa daga wata bakteriya ce mai rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi. Na'urar kanta ba ta yin komai sai dumamawa da hucewa: ta kai digiri 95 zaren ya rabu biyu, ta sauko wajen 60 gajerun zaruruwan su kama, a kwafa, a sake. Kowane zagaye yana ninka abin da ke akwai. Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, a zagaye na 30 an haura biliyan ɗaya. Sababbin na'urori suna auna hasken da ke ƙaruwa a kwalbar a kowane zagaye, su zana layi a kwamfuta. Cikin sa'o'i kaɗan an gama. Ban ga amfanin fassara haruffan PCR ba, mutane sun riga sun san su tun korona. Bayanin da ya dace a biyo da shi shi ne "gwajin ninka rubutun gadon ƙwayar".

Amma sawu sawu ne. PCR yana samun DNA ko da ƙwayar ta mutu, a ruɓaɓɓen mushe ko dafaffen nama. Wannan ƙarfinsa ne, domin samfurin da zafin hanya ya lalata bai hana shi aiki ba. Rauninsa kuma shi ne ɗigon da ya fantsama daga wata kwalba yana iya sa a ɗora wa garke mai lafiya laifi, shi ya sa ake raba ɗakin haɗa sinadarai da ɗakin samfuri. Daga abin da aka ninka ne kuma ake karanta jerin haruffan DNA a san zuriyar ƙwayar. An kasa ta gida 24. An daɗe ana samun gida na ɗaya kawai a yammacin Afirka, shi ne ma aka samu a San-Pédro a 2014. Amma binciken annobar 2020 a Nijeriya, wadda ta yi kaca-kaca da babbar gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun, ya nuna gida na biyu, irin wanda ya shiga Jojiya da Sin.

7.0 Masu Gadi

Hanya ta uku ba ta neman ƙwayar. Tana neman abin da jiki ya ƙera don yaƙarta, wanda masu shirin lafiya a rediyo ke kira "sojojin jiki". Sunan ya karɓu, kodayake su ba halittu ba ne, furotin ne da ke yawo a ruwan jini. Gwajin ELISA, wanda ya fito a 1971, ana yin sa a farantin roba mai ramuka 96. An riga an shafe ramukan da furotin na ƙwayar. A ɗiga ruwan jini, a jira, a wanke, a sa wasu sinadarai, launi ya sauya, wata na'ura ta auna kaurinsa. Yana da araha, kuma faranti ɗaya yana ɗaukar dabbobi da yawa, don haka da shi ake zagaya ƙauyuka bayan annoba a ga ko cutar ta ɓuya wani wuri. Sai dai sojojin ba sa bayyana sai bayan kwana bakwai zuwa goma, aladen da nau'i mai tsanani ya kama kuwa sau da yawa ya mutu kafin nan. Akwai kuma 'yan sandunan gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro, da ake ɗiga wa jini a gona a ga layi ɗaya ko biyu, amma sakamakonsu sai ɗakin gwaji ya tabbatar.

8.0 Faɗar Sakamako

Takardar sakamako takan zo da positif ko négatif. Kada a fassara su da "mai kyau" da "mara kyau", domin ga mai garke positif shi ne mugun labari. "An samu" da "ba a samu ba" sun wadatar, da sharaɗin a faɗi abin da aka nema. "An samu sojojin jiki" yana nufin dabbar ta taɓa haɗuwa da ƙwayar, ba lallai tana ciwo yau ba. "An samu DNA na ƙwayar" yana nufin ta shiga wannan samfuri, da rai ko babu rai. "An ware ƙwayar an raine ta" shi ne kaɗai ke nufin tana da rai, tana iya kama wata dabba. Haka nan "ba a samu sojojin jiki ba" a jinin aladen da ya kwana uku da zazzaɓi ba ya nufin "ba shi da cutar". Mai fassarar da ya taƙaita wannan zuwa "lafiyarsu ƙalau" zai iya sa manomi ya kai ragowar garkensa kasuwa washegari.

Don darasi na gaba, kowane ɗalibi ya rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce jimla shida ba, wadda mai kiwon aladu a Kafanchan da mai gashin nama a Ajame za su fahimta duk su biyun. Ta faɗi cewa an samu DNA na ƙwayar a saifar aladu biyu, ana jiran sakamakon raino, kuma cutar ba ta kama mutum ko saniya ko tunkiya. Kada kalmar "killacewa" ta fito sai inda ake nufin hana dabbobi fita daga gona.